Jinyar Mama tsakanin Narayi da Shika

Mama ta daɗe tana jin ƙullutun a nononta na hagu kafin ta faɗa wa kowa. Ba ya yi mata zafi, kuma an tashe mu da maganar cewa daji ba ya son allura, wai da an taɓa shi da ƙarfe sai ya fantsama. Wannan magana ce ke zaunar da mata a gida har sai ciwon ya fashe. Gwaggo ce ta gano, ta kira ni ta ce, "Zo ki kai uwarki asibiti, ni ba ta jin maganata."

Aka yanki 'yar tsoka aka kai gwaji, sakamako ya nuna sankarar mama ce. Daga Kaduna aka tura mu asibitin koyarwa na ABU da ke Shika. Likita ya zayyana mana hanyar: kimo, wato ruwan maganin daji da ake sakawa ta jijiya, duk bayan mako 3, sannan tiyata, sannan gashi da na'ura, daga baya ƙwayoyin da za ta yi shekaru tana sha.

Ranar Lahadi bayan sujada muka zauna a falon Baba muka raba aiki. Yaya da ke Abuja ya ɗauki neman kuɗi, ni na ɗauki jinya. Autarmu aka ba wa littafi mai kauri, tana rubuta ranar komawa, sunan kowane magani, sakamakon gwajin jini, tana liƙa rasit. Littafin nan ya yi mana rana fiye da yadda muka zata, domin ba kullum likita ɗaya ake samu ba, kuma mai jinya da bai yi barci ba ba ya tuna komai. Ya kuma kashe zargi kafin ya taso: duk ɗan uwan da ya turo kuɗi yana iya ganin inda suka shiga. An sayar da filin Baba, an kwashi adashi, coci ta taimaka ta hannun dattawa ba tare da an kira sunan Mama a gaban jama'a ba, don ta ce ba ta so.

Aikin da ya fi kowanne wuya Kawu aka ba: tsaron ƙofa.

Wanda bai yi jinya ba zai ɗauka yawan masu dubiya alheri ne zalla. Kimo yana karya garkuwar jiki, musamman daga kwana 7 zuwa 14 bayan an saka shi, lokacin da murar wani ke iya kwantar da mara lafiya a asibiti. An gargaɗe mu cewa in zafin jikinta ya kai digiri 38, kada mu jira gari ya waye. To ga mutum ashirin sun taso daga coci, kowa yana so ya ɗora mata hannu. Amma ko murar ba ta kai bakin wasu illa ba. Wata ta ce kada Mama ta kuskura ta furta sunan ciwon, furtawa karɓa ce. Wani ya ce ta binciki kanta, ko akwai zunubin da ba ta tuba ba. Wasu suka ce jifa ne daga ƙauye, suna da lambar wani annabi. Wata 'yar'uwa, da zuciya ɗaya kuwa, ta kawo jarkar tsimi ta ce a daina kimo, shan maganin asibiti alamar ƙarancin bangaskiya ce. Daren nan Mama ba ta runtsa ba. Da asuba ta tambaye ni, "Ke ma kina ganin wani abu na yi wa Allah?"

Na kira Fasto. Bai yi dogon wa'azi ba. Ya zauna a kan kujerar roba ya buɗe Yohanna sura 9, inda almajirai suka tambayi Yesu ko laifin wane ne aka haifi mutumin nan makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Ya koma Ishaya 38, ya nuna mata cewa bayan Allah ya ji addu'ar Hezekiya, annabin da kansa ya sa aka ɗaura masa ɓaure a kan marurun. Ya ce, "Mama, Luka ma likita ne. Ki sha maganinki." Daga nan duk jajibirin kimo dattawa biyu ko uku ke zuwa, su wanke hannu, su shafa mata mai su yi addu'a kamar yadda Yakubu 5 ya ce, sannan su tambaya, "Ƙarfe nawa za ku kama hanya gobe, kuma wa zai kai ku tashar Kawo?" A wurina wannan tambaya ba ta fi addu'ar ƙanƙanta ba. Da lokacin azumin ikilisiya ya zo Mama ta nace za ta yi, Fasto ya hana ta, ya ce Zumuntar Mata za su yi a madadinta, nata aikin ta cinye kunun gyadarta.

Kimo ba shi da daɗin gani. Ɗaya daga cikin ruwan ja ne, har fitsari ya kan yi ja bayansa, abin da ya firgita mu kafin nas ta ce haka yake. Bakinta ya yi miki, ƙamshin miyar da take so ya koma tayar mata da zuciya. Gashi ya fara zuba a kan matashi, sai ta ce Baba ya aske mata sauran, ya yi da hannunsa bai ce uffan ba. Baba ba mai magana ba ne. A layin asibiti na ji matan da mazajensu suka janye jiki da aka ce za a cire nono, har da wadda aka mayar gidan iyayenta. Shi ya sa hannu a takardar tiyata, ya kwana a kan tabarma a baranda sauro na cinsa.

Akwai kwanakin da Mama ba ta son waƙar nasara. Ta kan ce in karanta mata Zabura 88, wadda ke farawa da kuka ta ƙare da duhu. Da farko na so in canza mata zuwa ta 23, ta ce, "Bar min wannan, mai ita ya san abin da nake ji." Masu cewa Kirista ba ya ƙorafi ba su karanta rabin Zabura ba.

'Yan Zumuntar Mata suka tsara girki a tsakaninsu, a ajiye kula a hannun Kawu a juya. Bayan tiyata wata tela a cikinsu ta karɓi rigunan nonon Mama ta ɗinka wa kowanne aljihu a ɓangaren hagu, ta cusa auduga, ta gwada ta rage har ya daidaita da ɗayan. Da wannan da ɗankwalin zumunta Mama ta koma coci, ba wanda ya kalle ta sau biyu. Da jininta ya yi ƙasa ana neman leda, ɗan wata Hajiya daga Rigasa da gadonsu ke kusa da namu ya bi matasan cocinmu ya bayar. Har yau Hajiya na kira ta tambayi mai jiki.

Yanzu Mama tana shan ƙwayar tamoxifen kullum, an ce aƙalla shekara 5. Ba a yi mata allura ko awon hawan jini a hannun hagu, in ya kumbura kuma mu koma. Gwaggo na matsa mata ta fito ta ba da shaidar warkewa, ita kuwa ta ce in ta tashi a gaban mata abin da za ta faɗa shi ne su riƙa laluba nononsu duk wata, su je asibiti tun ƙullutun yana ƙarami. Likita ya ce mu 'ya'yanta mata mu fara zuwa gwaji da wuri. Na je. Auta, mai riƙe da littafin kowa, har yanzu tana ce min sai wata mai zuwa, kuma na gaya wa Kawu.