Ranar Dawowa: Daga Madina Zuwa Filin Jirgin Jidda

Ƙannena masu zuwa Umara kuna haɗawa da hutu, ga wata magana kan ranar ƙarshe. Kowa yakan zauna ya tsara zuwa: biza, masauki kusa da Harami, wuraren ziyara. Dawowa kuwa sai a ce in lokacin ya yi ma gani, alhali ranar ce jiki ya yi laushi, aljihu ya yi sauƙi, kaya kuma sun ninka.

Jirgin ƙasan Haramain ya fara aiki a 2018. Layinsa ya kai kusan kilomita 450 tsakanin Makka da Madina, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, cikin kimanin awa 2 ya sada ka da Jidda daga Madina. Tashoshinsa 5 ne: Makka, Madina, birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai guda 2 a Jidda. Waɗannan biyun ne suka kayar da ni. Ɗaya tana Sulaimaniyya cikin gari, ɗayar kuma tana cikin filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz. Ina kwance cikin dare na buɗe manhaja, ido duk barci, na ga Jidda na danna na biya. Sai da na sauka na fito ina waige-waigen inda ake auna kaya, na tarar da titi da motocin gari. Na kama tasi da sauran riyal ɗin da na ware don abincin hanya, ina duba agogo, cunkoson yamma ya riƙe mu, bakina ya bushe ƙayau. Na samu jirgin, amma da kyar da jiɓin goshi, kuma ban so wani ya ɗanɗana wannan tashin hankali a ƙarshen tafiyar ibada ba.

Don haka ku karanta sunan tasha har ƙarshe kafin ku biya. Ba kowane jirgin ƙasa ne ke shiga filin jirgin saman ba. Ku kuma duba tikitin jirgin samanku da kyau, domin tashar jirgin ƙasan tana haɗe ne da Tamina 1, ɗaya daga cikin gine-ginen fasinjoji na filin. Idan daga taminar arewa ko ta alhazai za ku tashi, akwai sauran tafiya a mota, kuma ba ɗan taƙi ba ce.

Sai batun kaya, inda mu Hausawa muka fi rauni. Tsaraba ba ta ƙarewa: dabinon ajwa na Baba, jallabiyar yara, turaren Hajiya, darduma, carbi na maƙwabta. Jirgin ƙasan nan kuwa babbar jaka ɗaya mai kilo 25 da 'yar ta hannu ya yarje wa kowane fasinja, ko da jirgin samanka ya ba ka jaka biyu. Ni a bakin ƙofar shiga na gane haka, na durƙusa ina kwance ƙulli a gaban jama'a. Ku auna tun a masauki, abin da ya yi yawa ku ba masu kago tun da sauran kwana. Zamzam ma kada ku jido daga gari, ana sayar da mai lita 5 a rufe a filin jirgin.

Lissafin lokaci daga baya ake fara shi. Ku ɗauki lokacin tashin jirgin sama, ku cire awa 4 na filin jirgi, ku cire awa 2 na hanya, sannan ku sayi tikitin jirgin ƙasan da ke tashi kafin wanda lissafin ya nuna, ba shi kansa ba. Tashar Madina tana da 'yar tazara daga Harami, kuma bankwana da Masallacin Annabi (SAW) ba ya yiwuwa a gurguje, ƙafa ba ta son fita. Ku yi shi tun daren jajibiri, bayan kun ɗaure kaya. A Ramadan kujeru kan ƙare da wuri, saboda haka ranar da kuka sayi tikitin jirgin sama, ranar za ku fara neman na ƙasa.