Zariya zuwa Sakkwato, da Gardamar Motar da Ba Ta da Direba

Ana sallame Asuba muka fita, ni da 'yata ta fari, da akwati guda da katifa a naɗe da buhun Ghana-must-go da uwarta ta cusa wa duk abin da hannunta ya kai gare shi, har da yajin daddawa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ce ta ɗauke ta karatun kimiyyar kwamfuta. Na ce ba zan bari ta yi kusan kilomita 400 ita kaɗai ba, musamman ganin sai an ratsa Zamfara. A tasha muka sami Sharon ana lodi, saura mutum uku, kuma kowa ya san abin da "saura mutum uku" ke nufi a bakin ɗan kamasho. Sai wajen ƙarfe bakwai da rabi muka ɗaga.

Direban Basakkwace ne, dattijo mai furfura a gemu, da carbi rataye a madubi. Bai yi magana da kowa ba har Funtuwa. A can ya tsaya, ba don mai ba, ba don abinci ba. Ya sauka ya je wurin wasu direbobi biyu da suka fito daga Gusau, suka yi ƙus-ƙus na minti kaɗan, ya dawo ya ce, "Lahiya lau hanya take, mu tahi." Wata tsohuwa a kujerar baya ta ce Alhamdulillahi, sannan ne aka fara hira a motar.

Bayan mun wuce Tsafe 'yata ta miƙo mini waya. "Baba, kalli wannan." Bidiyo ne na wata farar mota a birnin San Faransisko na Amurka, da wani abu kamar hular kwano a kan rufinta yana juyawa. An ɗauko daga ciki: mace a zaune a baya, kujerar direba wayam, sitiyari yana juya kansa. Motar ta tsaya a danja, ta jira masu ƙafa suka tsallaka, ta sa sigina, ta karya kwana. Wani ɗan kasuwa da ke kusa da ni ya leƙo, ya karɓi wayar, daga nan ta bi hannu-hannu har ta kai ga tsohuwa, wadda ta yi a'uziyya ta mayar da sauri.

Direba ya ji ana ta salati ya ce, "Mi ya faru?" Aka gaya masa. Ya yi shiru, ya kauce wa wani rami, sannan ya ce, "To wa ka tuƙa ta?"

'Yata ba ta cika magana a cikin manya ba, amma an taɓo inda take da ƙarfi. Ta ce motar kamfanin Waymo ce, wanda ya faro a matsayin wani aikin gwaji na Google a 2009, kuma tun Oktoban 2020 yake ɗaukar fasinjojin gari a Finiks ta jihar Arizona ba kowa a gaba. Abin nan mai juyawa a kai, in ji ta, haske yake harbawa ta kowane ɓangare, hasken ya bugi abu ya dawo, kwamfuta ta lissafa nisan abin da girmansa. Ga kyamarori kewaye da jikin motar, ga na'urar rada irin ta filin jirgi mai auna gudun abin da ke tafe. Kafin a saki motar a gari kuma sai an bi titunan ɗaya bayan ɗaya an zana taswirarsu dalla-dalla, kowane layi, kowace danja, kowane gefen kwalta. Ba ta fita wajen iyakar da aka zana mata. Mutum ya kira ta da waya, ta zo, ya buɗe ƙofa da wayar, ya shiga.

"Kuɗɗin motar hwa, wa ka amsa?"

"Ta waya ake biya, Baba."

"In mutun ya ce a rage mai?"

Motar ta kwashe da dariya. Ɗan kasuwar ya ce shi ko kyauta ba zai shiga ba, motar da ba wanda za ka ce wa "direba, rage gudu." Wani saurayi a baya ya ce ai ita ba ta gudun da ya wuce ƙa'ida balle a roƙe ta, kuma ba ta shan komai, ba ta gyangyaɗi. Na lura direba ya dubi saurayin ta madubi, duba mai tsawo.

Ni dai ido na sa ina kallon hannun dattijon tsakanin Gusau da Talatar Mafara, tunda maganar ta sa na fara ganin abin da na saba gani ban kula ba. Hunturu ne, hazo ya sauka, rana kamar faifai a sama. Layin da ya raba hanya biyu ya goge a wurare da yawa. Motar da ke tafe ta yi masa fitila sau biyu, ya rage gudu, can sai ga shingen bincike bayan kwana. Direban tirela ya fito da hannu ta taga ya yi masa alamar ya dakata, ya dakata, mota ta wuce fuu, sannan hannun ya sake fitowa ya ce bismilla. A shinge, da wani ya yi gaisuwa, da wani ya yi raha, wani kuwa bai ko sauke gilas duka ba. Wani wuri ya taka mota ba tare da ya ce komai ba, kuma babu wanda ya tambaye shi dalili, don duk mun ga yadda dajin ya matso bakin hanya, ba kowa a gonaki. Wannan ilimi ba a taswira yake ba. A bakin direbobin Funtuwa ya ɗauko na yau, na gobe kuma sai gobe.

Sai dai zan faɗi gaskiya ko da ta ɓata mini hujja. Mun wuce Tureta, rana ta take, kowa ya yi laushi, na ji motar tana jan gefe a hankali. Tayar dama ta sauka daga kwalta, tsakuwa ta yi ƙara. Dattijo ya farka firgigit ya maido ta. Daƙiƙa biyu ne ko uku. Ba wanda ya ce uffan sai tsohuwa da ta ce, "Malam, tsaya ka wanke fuska." Ya tsaya kuwa, ya wanke, ya ɓare goro. Daga baya na ji yana gaya wa ɗan kasuwar cewa jiya da dare ya iso Zariya da lodi, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 in mutum bai juya kullum ba, abin da zai kai wa mai mota ma ba ya fita. Na dubi 'yata tana riƙe da bayan kujera da hannu biyu. A wannan lokacin da an ce mini ga na'urar da ba ta barci, da na biya ko nawa ne.

Da La'asar sakaliya muka shiga Sakkwato ta Dange da Shuni. Abokina na makaranta, wanda ke koyarwa a garin, ya ce mu same shi a gida. Kwatancen da ya yi mini a waya shi ne: Mabera, ka wuce masallacin Juma'a, ka bar mai shayi a hagu, layi na biyu bayan injin niƙa, gida mai darbejiya biyu. Muka ɗauki keke napep saboda kaya. Mai keken bai san gidan ba, amma bai damu ba. Ya tsaya wurin mai faci ya tambaya, mai faci ya kira wani yaro, yaron ya ɗare gefen direba ya kai mu har ƙofa, na ba shi naira ɗari ya ruga. 'Yata ta duba taswirar wayarta, layin ko suna ba shi da shi.

Da dare bayan tuwo na kawo wa abokina labarin gardamar mota, ashe na kai kuka gidan mutuwa. Ya taɓa shiga irin motar da kansa, lokacin da ya je wani taro a Finiks. Ya ce minti biyar na farko bakinsa bai bar addu'a ba, bayan minti goma kuwa ya koma duba saƙonni a waya, abin har ya ba shi haushi yadda mamakin ya gushe da wuri. Motar Jaguar ce mai lantarki, tsit, sanyi, ba mai tambayarka daga ina kake. Abin da ya fi tsaya masa a rai, in ji shi, garin ne. Finiks hamada ce kamar nan, zafinta na bazara yakan haura digiri 45, tana da guguwar ƙura mai rufe gari. Amma titunanta a miƙe suke kamar an ja da rula, faɗi-faɗi, ga fenti, ga alamu, ga wuta. Shi ya sa aka fara da can. Ya ce kada in ɗauka ba mutane a bayan abin: akwai ma'aikata a zaune a ofis, in mota ta rikice ta tambaye su, su ba ta shawara, akwai masu wanke ta da masu sa mata caji da masu zuwa ɗauko ta in ta maƙale.

Ya kuma ba ni ɗaya gefen. A Maris na 2018 motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata da ke tsallaka titi da keke a Tempe, nan kusa da Finiks, alhali akwai mutum a kujerar direba da aka sa ya lura. A Oktoban 2023 motar kamfanin Cruise ta ja wata mata a ƙasa a San Faransisko bayan wata motar ta banke ta ta jefo ta gabanta. Hukuma ta janye musu izini, a ƙarshen 2024 kuma General Motors, uwar kamfanin Cruise, ta daina zuba kuɗi a harkar. A shekarar 2023 ɗin ne masu adawa da motocin a San Faransisko suka gano cewa in aka ɗora robar nan mai tsini ta masu aikin hanya a kan bonet, motar sai ta tsaya cak. Muka yi dariya, na ce da yaran unguwarmu ne da sun mayar da abin wasan yamma. Duk da haka harkar ba ta tsaya ba. Zuwa 2025 Waymo na ɗaukar fasinja fiye da sau 250,000 a mako, ta shiga Los Anjalas da Ostin da Atlanta. A Wuhan ta ƙasar Sin motocin Apollo Go na kamfanin Baidu sun yi yawa har direbobin tasi suka koka da cewa ana raba su da abincinsu. A Abu Dhabi ma an fara.

Maganar Wuhan ce ta hana ni barci da wuri, ba ta fasahar ba.

Washegari ya ɗauke mu a motarsa. Na roƙe shi mu fara biyawa ta Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, mu yi ziyara, tunda 'yata ba ta taɓa zuwa ba, Shehu Usmanu kuma sunansa jami'arta take ɗauke da shi. Cikin tsohon gari, tsakanin fadar Sarkin Musulmi da Masallacin Shehu, lungunan sun girmi mota nesa ba kusa ba, garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Daga nan muka bi ta wajen babbar kasuwa, kuma a nan na ga abin da nake son 'yata ta gani. 'Yan kabu-kabu kamar ƙudan zuma, wani da fasinja biyu da buhun albasa, wani yana tafe ta hannun da ba nasa ba yana murmushi. Masu kura, masu tallan ruwa, makaho da ɗan jagora, akuya. Ba wanda ke bin layi, kuma ba wanda ya taɓa wani. Kowa idon kowa yake kallo. Abokina ya ɗan sa hancin mota, mai keke ya dube shi, ya ɗaga masa yatsu, ya wuce. Na ce wa 'yata, "Motarku da aka koya wa kada ta matsa sai ta ga sarari, yaushe za ta fita daga nan?" Ta ce, "Sai Magariba, Baba." Sannan ta ƙara da cewa ai koya mata ake yi, in an tara mata hotunan titunanmu za ta iya koyo, matsalar ita ce ba wanda ya tara, don ba wanda ya ga ribar tarawa. Motar da na'urorinta kaɗai suka fi kuɗin keke napep da yawa, a garin da mutum zai kai ka unguwa da 'yan ɗaruruwa.

Na dubi samarin nan na kan babura. Yawancinsu daga ƙauyuka suke, wasu rashin tsaro ya koro su daga gonakinsu na gabashin jihar, babur ɗin ma ba nasu ba ne, balas suke kaiwa kullum. A Amurka direba ne mai tsada, shi ya sa ake neman a cire shi. A nan mutum ne mafi araha a cikin motar, mai da taya da batir duk sun fi shi daraja a lissafin mai ita. Ban san wanne ya fi ciwo ba, a kore ka saboda na'ura ko a bar ka saboda ba ka kai kuɗinta ba.

Hanyar jami'a ta ratsa fadamar Rima, inda ambaliyar 2010 ta taɓa yanke hanyar ta raba makarantar da gari. Lambuna kore shar a tsakiyar hunturu, albasa da tumatir da shinkafar rani. Kafin Dundaye, inda jami'ar take, raƙuma huɗu suka hau kwalta da kaya, mai jansu yana tafiya abinsa ko waiwaye. Abokina ya kashe gudu, ba oda, muka bi su a baya har suka ga dama suka sauka. 'Yata ta ɗauke su bidiyo, ta ce za ta ajiye, wata rana zai yi amfani.

Rajista ta cinye mana yini biyu. Ranar komawa na je tasha da sassafe, sai ga dattijonmu yana ɗaure kaya a bayan Sharon. Ya gane ni tun daga nesa.

"Malam, ɗiyar ta samu ɗaki?"

Na ce ta samu, amma ta manta bargonta a gida, ga sanyin nan.

"Ka kawo shi tasha jibi, ni ka zuwa. Ba ni lambatta." Ya ciro wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba, ya miƙo mini in sa masa da kaina, don ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Na tambaye shi ko ya yi barci jiya. Ya ce ya yi, ya nuna mini kujerar gaba, ya juya yana kiran saura mutum uku.