Aikin da ke riƙe da lambun fadar Bersai

Mu da muke cin abinci da sana'ar lambu, idan aka ambaci fadar Bersai ta Faransa, hankalinmu ba ya daɗewa a ɗakunanta. Asalinta ɗan gidan farauta ne da Sarki Luwi na 13 ya gina a 1623. Ɗansa Luwi na 14 ya faɗaɗa shi, ya tare da fadawansa a 1682. Ko Zauren Madubai, mai tsawon mita 73 da madubi 357, an jera madubansa ne daura da tagogi 17, don lambun da André Le Nôtre ya tsara ya bayyana a bango.

Inda ya fi cancanta mai sana'a ya tsaya shi ne gidan lemo, wato inda ake rainon bishiyoyin lemo na fadar. Bishiyoyi sama da 1,000 ne, har da rumman, kowace a akwati mai ƙashin ƙarfe da gefunan katako da ake cirewa. Idan saiwa ta cika akwati, sai a buɗe gefe, a datse ta da wuƙa mai kaifi, a zuba sabuwar ƙasa, ba a tumɓuke bishiya ba. Ƙafafun akwatin kuwa don ruwa ya tsiyaye ne. Lemo ba ya son zama cikin laima: saiwa ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa, sabon ma'aikaci ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa, shi ke nan an yi asara. Daga tsakiyar Oktoba zuwa Mayu ana shigar da bishiyoyin ginin da ke fuskantar kudu, mai kaurin bango mita 4 zuwa 5, inda ma'aunin zafi ba ya sauka ƙasa da digiri 5.

Shingen da ake askewa kuma, igiya ake ja, ba a dogara da ido. A bar gindi ya ɗan fi sama faɗi. In ba haka ba inuwa ta kashe ganyen ƙasa, shinge ya tsaya tsirara. Kada a yi aski rana tsaka, bakin ganye yana ƙonewa.

Ruwan da zai wadatar da maɓuɓɓugan lambun masu feshi ne ya gagari Sarki Luwi na 14. A 1684 aka kammala wani inji da ake kira injin Marly, mai manyan ƙafafu 14 da ruwa ke juyawa, yana ɗebo wa fadar ruwan kogin Sen, amma bai wadatar ba. Sai masu kula da maɓuɓɓugai suka riƙa busa usur: sarki na dosowa a buɗe wannan, yana wucewa a rufe.