Zaman tsakiya a harkar bincike

Wanda bai taɓa zama a tsakiya ba yana zaton da zarar an kammala binciken aikin gona a Samaru da ke Zariya, kamfanoni za su yi layi a bakin ƙofa. Ina! Shekarun da na yi ina haɗa masu bincike da kamfanonin iri sun nuna mini cewa kowa da lokacin da yake kallo. Farfesa yana jiran mujalla ta buga aikinsa saboda ƙarin girma. Mai kamfani ba ruwansa da wannan, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, irin nan zai iso kafin ruwan shuka?" Ita kuwa gwamnati sai an sa hannu a kasafi, a saki kuɗi, wani lokaci damina ta riga ta yi nisa.

Aikinmu dillanci ne, sai dai babu la'ada. Ka ji farashin wannan, ka rarrashi wancan, ka hana kowa tashi daga tabarma.

Waken SAMPEA 20-T, irin da aka sauya wa halitta, ya ishe ni misali. Masu binciken IAR, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ne suka yi aikin a gonakin gwaji, amma fasahar da ke kashe Maruca, tsutsar da ke cin wake, a lokacin mallakin kamfanin Monsanto na Amurka ce. Gidauniyar AATF ta fasahar noma a Afirka, mai hedikwata a Nairobi, ita ta shiga tsakani, ta samo izinin amfani da ita ba tare da biyan kuɗin mallaka ba, aka bi matakan hukumar NBMA mai sa ido kan irin da aka sauya wa halitta har aka saki irin a 2019. Manomin da kan yi feshi sau shida zuwa takwas ya koma sau biyu. Ana cece-kuce kan irin da aka sauya wa halitta, na sani, amma abin da ya ja hankalina shi ne doguwar tattaunawa da takardun da ba wanda ke tafa musu.

Takarda ma ita ce babban darasina. Tun ranar farko a rubuta wa ke da mallakar sakamako, wa zai ninka iri, nawa zai koma wa cibiya. Mutanenmu na jin nauyin maganar kuɗi a gaban babba, sai a ce "ai mu 'yan gida ne". Ranar da kaya ya karɓu a kasuwa, 'yan gidan nan ne ke daina gaisawa.

Kuma ban ƙara shirya zama ba tare da malaman gona ba. NAERLS, cibiyar malaman gona ta ƙasa, na nan kusa da mu, su ne ke jin abin da manomin Giwa ko Soba ke faɗi game da iri bayan girbi, kuma maganarsu kan sa Alhaji mai kamfani ya ciro biro ya sa hannu.