Abin da tsohon Yamaha DX7 ya koya mini

A sutudiyon da nake koyon aiki a Sabon Garin Zariya akwai wani tsohon fiyano, Yamaha DX7, wanda maigidana ya saya cikin kayan gwanjo. Mawaƙan da ke zuwa ba kasafai suke kula shi ba. Sun fi son PSR, wani samfurin fiyanon Yamaha, domin shi da gangarsa a ciki, kana dannawa kiɗa ya tashi. DX7 kuwa ba ganga, ba lasifika, ko amsa-kuwwa babu. Maɓallai 61 ne, da muryoyi 32, wato nau'o'in sautin da ke ajiye a cikinsa, da ɗan allo mai layi biyu wanda sai ka sunkuya kake iya karanta shi.

A 1983 Yamaha ta fito da shi, bisa wata dabarar ƙirƙirar sauti mai suna FM da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford ta Amurka. Ba a naɗi sautin wani abin kiɗa an zuba masa ba, lissafi ne ke haifar da duk abin da kake ji. Yana da sassa shida masu haifar da sauti da ake kira ofareta, kowanne na fitar da tataccen sauti guda, sai a sa wani ya riƙa girgiza wani, kuma akwai hanyoyi 32 na jera su.

A nan ne kunnena ya buɗe. Idan saurin mai girgizawa ya zo daidai da na wanda ake girgizawa, ko ya ninka shi, sautin kan fito a daidaice kamar busa. Da zarar ka kauce wa cikakkiyar lamba, ka sa misali ninki 3.5, sai ka ji ƙararrawa. Maigida yakan rufe allon da tafin hannunsa ya ce, "Yaro, faɗa mini abin da ya canza." Tun ina lalube har na iya bambance sautin da ya yi kaifi da wanda ƙara kawai ya yi. Wannan horon ne nake ci har yau idan na zauna haɗa murya a kwamfuta.

Na kuma koyi sanin iyakarsa. Duk abin da ake bugawa ko kaɗawa, DX7 gwani ne. Har a ɓangaren busa na samo wani abu mai kama da algaita, kuma da ɗan wilin lanƙwasa sauti da ke gefen hagu nakan kwaikwayi yadda kalangu ke hawa da sauka. Amma goge ya fi ƙarfinsa. Gogayyar izga da izga tana da rai irin nata, saboda haka duk waƙar da ke neman goge, mai goge muke kira, kuma ina ganin hakan ne daidai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake jin yatsa. A shahararriyar muryarsa, E.PIANO 1, taɓawa a hankali na ba da sauti mai laushi, dukan ƙarfi kuma sai ƙarfe ya fito fili. Launin sautin ne kansa ke sauyawa.

Kula da shi ma aiki ne. Ƙurar hunturu na shiga ƙarƙashin maɓallai, dole a lulluɓe shi kullum. Namu na Japan ne mai wuta 100, tamu kuwa 230, don haka ba a jona shi sai da taransifoma. Akwai kuma ɗan batiri a ciki da ke riƙe muryoyin. Ranar da ya mutu, sun tafi. Shi ya sa duk muryar da na haɗa, a ranar nake tura ta kwamfuta ta wayar MIDI, mai haɗa fiyano da kwamfuta.