Huji biyu a idon sawu

Wata huɗu na yi ina yi wa wani yaro ɗan ƙwallo maganin targaɗe, alhali ba targaɗe ke damunsa ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Aikina gashin ƙashi, a nan Katsina. Shi kuma ɗan gaba ne a wata ƙungiyar unguwa, ba shi da buri sai na taka leda a filin wasa na Muhammadu Dikko. Ya zo mini da ciwo a gaban idon sawun dama. Ya ce ya sha gurɗewa, an sha kai shi wurin mai ɗori ana ja. Ina jin haka sai na kama abin da na saba: ƙanƙara, bandeji, murza, motsa gaɓa. Ya ɗan ji dama ya koma fili, bayan sati biyu ya dawo da ɗingishi. Haka muka yi ta yi.

A bakin famfo na gane kuskurena. La'asar ta yi, muka fito alwala, sai na ga ya kasa tsugunawa sosai, ya ɗage diddigen dama sama. Na ce, "Ƙanena, tun yaushe kake haka?" Ya ce, "Yaya, ai an fi shekara. Ina tsugunawa sai in ji kamar an cusa tsakuwa a gaban gaɓar." Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai ɗauka abin faɗa ba ne.

A idon sawu, ƙashin ƙwauri yana zaune ne a kan wani ƙashi da ake kira talus. In mutum ya tsuguna, gaban ƙasusuwan biyu sai su matso juna. Wanda ya shekara yana dukan ƙwallo yana kuma gurɗewa, bakin ƙasusuwan nan kan yi tsiro, naman da ke tsakani ya yi kauri, sai a riƙa datse shi kamar yatsa a jikin ƙyaure. Tun 1950 wani likitan ƙashi na Libaful, McMurray, ya raɗa wa abin suna idon sawun ɗan ƙwallo. Akwai kuma irinsa ta baya, inda wani ɗan ƙarin ƙashi ke maƙalewa in an miƙe tafin ƙafa. Mai wannan, zaman tahiya ne ke ba shi wahala. Yanzu duk ɗan wasan da ya zo mini da tsohon ciwon idon sawu, kafin in taɓa shi sai na tambaya: tsuguno ne ke maka zafi ko tahiya?

Hoton ƙashi da aka ɗauka ta gefe ya nuna tsiron ƙarara. Tun da gashi da hutu sun gaza, aka tura shi wani asibiti a Kano, kuma likitan ya bar ni na shiga na gani. Huji biyu ya yi, kowane bai kai santimita ɗaya ba. Ta ɗaya ya zura kyamara mai kaurin milimita 4, ana tura ruwa don gaɓar ta buɗe, ta ɗayan ya zura ɗan injin da ke kankare ƙashi. Kafin ya sa wuƙa sai da ya lanƙwasa ƙafar ya nemo wata jijiya da ke bi ta gefen waje, ya zana ta da biro. Ya ce in aka taɓa ta, bayan ƙafar zai iya rage ji ko ya daina ji. Na ga tsiron a jikin allo, fari, ga nama ya yi ja a gefensa. Abin da na yi wata huɗu ina murzawa ke nan.

Wahalar gaske bayan tiyata ta zo. Mahaifinsa ya dubi ɗinkin ya ce, "Malam, wannan ɗan hujin ne duk aikin?" Na ce, "Baba, ƙofar ce ƙarama, amma ƙashi aka kankare a ciki." Ana cire zare kocinsa ya fara aike, wai akwai gasa. Na ƙi. Fata takan warke cikin sati biyu, amma kumburin gaɓa da ƙarfin tsoka ba sa bin wannan lissafi. Kuma tiyatar ba ta ɗaure jijiyoyin da gurɗewa ta sassauta, in ya sake gurɗewa an koma gidan jiya. Na tuna masa da Marco van Basten, shahararren ɗan wasan ƙasar Holan, wanda ciwon idon sawu ya raba da ƙwallo a 1995 yana ɗan shekara 30, ga kuɗi ga manyan likitocin Turai.

Kullum da safe nakan tsayar da shi gaban bango, diddige a ƙasa, ya tura gwiwa ta taɓa bangon, in auna tazarar babban yatsa da awo in rubuta. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya, ido a rufe. Ya yi fushi da ni, ya yi kwana uku bai zo ba, na bi shi har gida. Sai da ƙafar dama ta kamo ta hagu a awo na bar shi ya taɓa ƙwallo, a sati na tara.

Makon jiya wani yaro ya zo daga Daura, ya ce shi a tahiya yake jin nasa. Ranar na rubuta masa takardar hoto.