Mai jarumi shi ke da kasuwa

A shekarar 2019 fim ɗin Avengers: Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8 a gidajen sinima na duniya, har masu harkar fim a Amurka suka ɗauka cewa duk wanda ya sanya wa ɗan wasa rigar jarumi da abin rufe fuska ya gama samun arziki. Shekara huɗu kacal bayan haka kamfanin nan dai na Marvel, mai littattafan zane da fina-finan jarumai, ya fitar da The Marvels, wanda cinikinsa ya tsaya a wajen dala miliyan 206, alhali Captain Marvel da ya gabace shi ya haura dala biliyan 1. Bayanin da aka fi ji shi ne wai masu kallo sun ƙoshi da jaruman da ke tashi sama suna ɗaga motoci da hannu ɗaya. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, amma a ganina ba za a gane hawa da saukar wannan kasuwa ba sai an fara tambayar wane ne ya mallaki jarumin, domin a nan dukiyar take, kuma daga nan ne kwaɗayin da ke ɓata kasuwar yake tasowa.

Kafin in shiga cikin maganar, ya kamata a san cewa adadin da ake shelantawa ba shi ne ribar kamfani ba. Masu gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, a ƙasar Sin kuma kashi ɗaya cikin huɗu kawai ke komawa ga kamfanin Amurka da ya shirya fim ɗin. Ga kuma kuɗin talla, wanda ba ya cikin abin da ake cewa an kashe wajen shiryawa. Saboda haka fim ɗin da ya ci dala miliyan 200 zai iya tara miliyan 400 a kasuwa, jaridu su yi ta yabo, mai shi kuwa bai ko mayar da uwar kuɗinsa ba.

Asalin wannan kasuwa takarda ce mai arha. A 1938 wasu matasa biyu daga birnin Cleveland, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, suka sayar wa kamfanin littattafan zane da daga baya ya zama DC, babban abokin hamayyar Marvel, labarin Superman a kan dala 130, kuma tare da shafukan labarin suka sallama jarumin kansa da duk abin da zai haifar har abada. Mujallar Action Comics ta farko, wadda ya fara fitowa a ciki, senti 10 ake sayar da ita. Ba a jima ba Superman ya shiga rediyo da jaridu da kayan wasan yara, su kuwa waɗanda suka ƙirƙiro shi suka koma ma'aikatan da ake biya gwargwadon shafin da suka kawo. Da suka kai ƙara a 1947 suna neman a mayar musu da haƙƙinsu, ba su samu jarumin ba, aikin ma ya kuɓuce musu, aka kuma cire sunayensu daga mujallar. Sai a 1975, lokacin da ake shirin babban fim ɗin Superman, jaridu suka tono halin ƙunci da tsofaffin nan biyu suke ciki, Shuster ma idonsa ya kusa tafiya, sannan kamfanin Warner, wanda DC ke ƙarƙashinsa, ya yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara, aka mayar da sunayensu. A 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya tal na waccan mujalla ta senti 10 a kan dala miliyan 6. Bill Finger kuwa, wanda ya taka babbar rawa wajen ƙirƙiro Batman, ya rasu a 1974, ba a fara rubuta sunansa a matsayin abokin ƙirƙira ba sai a 2015.

Irin labaran tsadar tsofaffin mujallu su ne suka jawo rugujewar farko. A farkon shekarun 1990 mutane a Amurka suka shiga sayen sababbin littattafan zane ba don karatu ba, sai don su ajiye cikin leda suna jiran ranar da za su yi daraja. Kamfanoni suka lura da haka, suka shiga buga littafi ɗaya da bango kala-kala domin mutum guda ya sayi kwafi biyar. Fitowar farko ta sabon jerin X-Men a 1991 ta sayar da kwafi kusan miliyan 8, a 1992 kuma DC ta kashe Superman a cikin labari, mutane suka yi layi a ƙofar shaguna, bayan 'yan watanni aka tashe shi. Abin da masu ajiyar suka manta shi ne mujallar 1938 ta yi tsada ne saboda kaɗan suka rage a duniya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda farashin albasa ke faɗuwa a lokacin da manoman Wurno da Goronyo da Kware suka kwaso ta gaba ɗaya zuwa kasuwa ya san abin da zai biyo baya. Masu saye suka watse, dubban shagunan littattafan zane suka rufe, a Disambar 1996 kuma Marvel, wanda bashin da aka ɗora masa ya riga ya yi masa katutu, ya je kotu ya bayyana cewa ya karye.

A waɗancan shekarun na neman kuɗi ne Marvel ya rarraba haƙƙin yin fim da manyan jarumansa. X-Men da Fantastic Four suka faɗa hannun Fox, Spider-Man ya tafi Sony, Hulk kuma Universal, dukansu kamfanonin shirya fim. Da fim ɗin Spider-Man na 2002 ya zama na farko a tarihi da ya haura dala miliyan 100 a ƙarshen makonsa na farko a Amurka, kaso mafi tsoka Sony ce ta kwashe, Marvel ya tsaya yana kallo da ɗan abin da yarjejeniya ta ba shi. Wato abin da kamfanoni suka yi wa masu zane shi ne ya faɗo wa kamfanin da kansa. Wannan ya sa a 2005 Marvel ya karɓi bashin dala miliyan 525 daga bankin Merrill Lynch domin ya riƙa shirya fina-finansa da kansa, abin da ya jinginar kuwa ba gini ba ne ko fili, haƙƙin fim ne na jaruman da suka rage masa, irin su Captain America. Iron Man ya fito a 2008 ya tara kimanin dala miliyan 585, a 2009 Disney ta sayi Marvel ɗungurungum a kan kusan dala biliyan 4. A lokacin akwai masu cewa kuɗin ya yi yawa, amma The Avengers kaɗai ya kawo dala biliyan 1.5 a 2012, Black Panther kuma ya haura biliyan 1.3 a 2018. Da Disney ta sayi Fox a 2019 a kan dala biliyan 71, X-Men ma suka dawo gida.

Ita takardar da ta haifi duk wannan ta koma ƙaramar ƙanwa. A 2021, shekarar da kasuwar ta yi kyau ƙwarai, jimillar cinikin littattafan zane a Amurka da Kanada wajen dala biliyan 2 ne, wato bai kai abin da Endgame shi kaɗai ya tara ba, kuma babban kaso na wannan ciniki littattafan zanen Japan ne da na ƙananan yara, ba na jaruman Marvel da DC ba. Kamfanin Diamond, wanda ya daɗe yana rarraba kusan dukkan waɗannan mujallu ga shaguna, shi ma ya bayyana karyewarsa a Janairun 2025. Ana ci gaba da buga mujallun ne, a fahimtata, saboda nan ne wuri mafi arha na gwada sabon labari kafin a zuba masa miliyoyi. Kuɗin gaske yana cikin fim da wasannin kwamfuta da lasisin buga hoton jarumi a jikin kaya. Kowa ya zaga layin masu jakunkunan makaranta a Babbar Kasuwar Sakkwato gab da komawa hutu zai ga Spider-Man rataye jere, ja da shuɗi, a jikin jaka da gorar ruwa da takalmin roba, wani ma an buga sunan da kuskuren harafi, alamar cewa ko sisi bai isa hannun masu shi ba. Yaron da ke jan rigar mahaifinsa yana nuna jakar bai taɓa riƙe mujallar ba, watakila ma bai san akwai ta ba, amma ya san jarumin, kuma wannan sanin shi ne hajar da Disney ta biya biliyoyi a kanta.

To sai dai mai haja irin wannan ba ya iya haƙuri. Da Disney ta buɗe manhajar kallo ta Disney+ a ƙarshen 2019 tana neman abin da za ta cika ta da shi, sai aka ɗora wa Marvel nauyin fitar da fina-finai da shirye-shirye masu dogon zango babu ƙaƙƙautawa. Tsakanin 2021 da 2022 kaɗai an fitar da fim 7 da jerin shiri 8, kowanne a ɗaure da ɗan'uwansa. Mu a nan yawancinmu ba tikiti muke saya ba, wajen masu turi muke kai waya a zuba mana, sau da yawa ma wanda aka yi wa fassarar Hausa, don haka kuɗinmu ba ya cikin lissafin Hollywood, amma gajiyar iri ɗaya ce. Na tsaya wata rana a rumfar wani matashi mai turin fina-finai a Mabera, kwamfutarsa a kan benci, wayoyi sun kai goma a jere suna jiran layi, wani dattijo-dattijo ya miƙa tasa ya ce a sa masa sabon na Marvel. Yaron ya dube shi ya ce, "Baba, wanga ba ya ganuwa sai kun kalli na baya, kuma na bayan ma suna da na bayansu." Mutumin ya ce to a bar shi, a zuba masa na Indiya. The Marvels irin wannan ne, domin biyu daga cikin jarumansa uku a shirye-shiryen Disney+ aka gina labarinsu. Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, da bakinsa ya amince cewa yawa ya rage inganci, a 2024 kuma ya ce za a rage adadin abin da ake fitarwa a shekara.

Ɓangaren DC bai fi haka daɗi ba. The Flash ya tsaya a kusan dala miliyan 270 a 2023, Joker na 2019 ya haura biliyan 1 da ƙaramin jari amma na biyunsa a 2024 da ƙyar ya wuce miliyan 200, a 2022 kuma Warner ta ajiye Batgirl bayan an kashe masa kusan dala miliyan 90, ta ga ya fi mata ta lissafa shi cikin asara a rage mata haraji da ta kai shi kasuwa. Duk da haka ban yarda cewa kasuwar ta mutu ba. Spider-Man: No Way Home ya tara kusan dala biliyan 1.9 a 2021, Deadpool & Wolverine kuma ya haura biliyan 1.3 a 2024. Abin lura shi ne dukansu biyu tsofaffin fuskoki suka dawo da su, kuma wannan dabara ce ta sa aka sanar a 2024 cewa Robert Downey Jr., wanda ya fito a matsayin Iron Man, zai koma Marvel a matsayin mugu. Ana cin tsohon suna ne, sabon jarumin da zai riƙe kasuwa shekara ashirin nan gaba bai bayyana ba tukuna.

Abin da ya fi damuna a wannan tarihi shi ne yadda yake kama da namu. A Legas akwai kamfanin littattafan zane na Comic Republic da Jide Martin ya kafa a 2013, akwai kuma Roye Okupe, wanda ya gina jarumarsa Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, labarinsa na Iyanu kuma ya zama shirin zane a tashar Cartoon Network a 2025. Mu kuwa da muke da marubutan littattafan yaƙi, masu ƙirƙiro sadaukai da matsafa da biranen aljanu waɗanda matasa suka haddace sunayensu, sau da yawa marubuci kan miƙa labarinsa ga mai shirya fim ko mai karantawa a YouTube a kan kuɗi na lokaci ɗaya, da baki kawai, babu takardar da ta fayyace ko labarin aka saya ko jarumin, ko na shekara nawa ne. A Amurka masu zanen da suka gaji da wannan tsari, irin su Todd McFarlane da Jim Lee, sun fice daga Marvel a 1992 suka kafa Image Comics bisa sharaɗin cewa mai ƙirƙira shi ke riƙe da abinsa, kuma a ƙarƙashin wannan sharaɗi ne Robert Kirkman ya fitar da The Walking Dead a 2003, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan shirye-shiryen talabijin na zamaninsa.

Mallakar kamfanonin ma tana da wa'adi. Dokar Amurka ta ba ayyukan wancan zamani kariyar shekara 95, don haka a farkon 2034 Superman na 1938 zai fita daga hannun DC ya zama na kowa, Batman kuma ya biyo shi a 2035. Sai dai siffar farko ce kawai za ta fita, wato jarumin da ke tsallake dogayen gine-gine amma bai iya tashi sama ba tukuna, duk abin da aka ƙara masa daga baya da tambarin kasuwancinsa suna nan a hannun kamfanin, kuma lauyoyinsa za su sa ido a kan duk wanda ya zana shi yana shawagi.